Daga Legas zuwa Sakkwato: Hanyar da Cibiyar Bayanai Za Ta Bi

Hanyar motar da ta tashi daga Legas ta bi ta Badun da Ilori, ta ƙetare kogin Kwara a Jebba, sannan ta ratsa Mokwa da Kwantagora da Yawuri da Koko da Jega da Tambuwal kafin ta shiga Sakkwato ta Boɗinga, tsawonta ya haura kilomita 1,000, kuma ita ce hanyar da kaya masu nauyi da suka sauka daga jirgin ruwa suka fi bi idan birnin Shehu suka nufa, domin layin dogo bai taɓa isa can ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929. Matafiyin da ya bi wannan hanya yana auna yadda kamfani zai ɗauke cibiyar adana bayanansa daga wani gari ya kai ta Sakkwato, zai ga cewa kusan kowane zango yana da abin da yake koya masa game da aikin. Abin da ake nufi da cibiyar adana bayanai shi ne ɗaki ko gini da aka keɓe wa manyan kwamfutoci, waɗanda ma'aikatan fannin ke kira saba, aka jera su a kantocin ƙarfe, aka ba su wutar da ba ta ɗaukewa da sanyin da ba ya yankewa, kuma a cikinsu ne asusun masu ajiya a banki da albashin ma'aikata da sakamakon jarrabawar ɗalibai da takardun marasa lafiya suke zaune.

Yawancin manyan cibiyoyin Najeriya a Legas suke, kamar Rack Centre da ke Ikeja da cibiyar MDXi da ke Lekki, wadda ta koma hannun kamfanin Equinix na Amurka bayan ya sayi MainOne, kamfanin da ya mallake ta, a 2022, kuma dalilin taruwarsu a can shi ne wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a gabar Legas suke fitowa. A arewa akwai cibiyoyin Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, a Abuja da Kano. Duk wanda ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku da dama suka katse a yammacin Afirka har hada-hadar bankuna ta tsaya cak a garuruwan da ba su taɓa ganin teku ba, ya san cewa mai shagon POS a Sakkwato yana rataye ne da abin da ke faruwa nesa da shi ƙwarai. Wannan nisa yana cikin dalilan da ke sa kamfani ya yi tunanin kawo bayanansa kusa da masu hulɗa da shi, ko da yake akwai wasu dalilan da suka fi yawa a aikace: ƙarewar hayar gini, ko cikar ɗakin da ake ciki, ko haɗewar kamfanoni biyu, ko tsoron gobara da ambaliya.

Ƙaura iri biyu ce, kuma tun a Legas ake yanke shawarar wadda za a yi. Ta farko ita ce a kashe na'urorin, a kwance su, a loda su a mota, a sake haɗa su a sabon wuri. Ta biyu ita ce a sayi sababbin na'urori a girka a can, sannan a tura bayanan ta waya, ko a mayar da su ga kamfanonin da ke ba da hayar ma'aji ta intanet, abin da ake kira girgije. Ta biyun ta fi aminci amma ta fi tsada, kuma tana da lissafin da ba ya karɓar roƙo, domin layin da ke ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa, ko da bai taɓa yankewa ba, abin da zai iya kwashewa a yini guda bai kai terabait 11 ba, wato kamfanin da ke da terabait 100 zai shafe fiye da kwana tara yana tura su. Shi ya sa wasu ke zuba kaso mafi girma a fayafai su aika da su ta mota ko jirgin sama, su bar wa wayar aikin cike abin da ya sauya a tsakani.

Tsakanin Ilori da Kwantagora ne matafiyi ke fahimtar dalilin da ya sa injiniyoyi ke ƙin ƙaura irin ta farko. Tirelolin man fetur da na shanu da na albasa sun cinye kwalta a wurare da yawa, layin motoci kan yi tsawo a kusa da Jebba da Mokwa idan wata ta faɗi ta tare hanya, kuma ambaliyar da ta afka wa Mokwa a watan Mayun 2025 ta nuna cewa damina na iya raba kudu da arewa a dare ɗaya. Faifan ajiya irin na da yana da faranti da ke juyawa da allurar da ke shawagi dab da shi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba, saboda haka girgizar da buhun gero ba zai ji ba tana iya kashe shi, kuma an san cewa faifan da ya yi shekaru yana aiki ba tsayawa yakan ƙi tashi idan aka kashe shi ya huce. Masu wannan sana'a suna cire na'urori daga kanta, su naɗe kowace a ledar da ke hana tartsatsin lantarki, su sa ta a akwati mai soso, su nemi motar da ƙafafunta ke da matashin iska, su yi inshora, su kuma guji tafiyar dare. Ƙa'idar da ta fi waɗannan duka ita ce kada asali da kwafinsa su hau mota ɗaya, kuma kada a yarda da kwafin da ba a taɓa gwada dawo da bayanai daga cikinsa ba.

Bayan Tambuwal da Shagari, hanya tana shiga ƙasar Boɗinga, inda garin Sifawa yake, kuma a nan ya kamata matafiyi ya dakata, domin wannan yanki ya san ƙaurar ma'ajin ilimi tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, jama'arsa ta yi ta sauya mazauni cikin yaƙi da yunwa har ta zauna a Gwandu, daga baya Shehu ya koma Sifawa wajen 1810, sannan a 1815 ya tare a Sakkwato, garin da ɗansa Muhammadu Bello ya kafa a 1809, ya kuma rasu a can a 1817, inda Hubbare yake a yau. A duk waɗannan zango-zango littattafai na tafe da su, a cikin gafakar fata, bisa raƙuma da sauran dabbobin kaya, kuma malaman ba su daina rubutu da karantarwa ba. Littafin wancan zamani ba ɗinkakke ba ne, warƙoƙi ne a sake da aka tara tsakanin bango biyu, kuma sau da yawa ba su da lambar shafi, don haka magwafi kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, ta yadda ko gafaka ta zube a hanya mai ilimi zai iya mayar da kowace warƙa gurbinta. Abin da ya tsirar da waɗannan rubuce-rubuce, bayan kiyayewar Allah, shi ne yawan kwafi, domin almajirai sun kwafe su sun watsa su Gwandu da Wurno da Kano da Zazzau da Adamawa, kuma Nana Asma'u da mijinta Waziri Giɗaɗo sun ba da ƙarfinsu wajen tattara abin da Shehu ya bari. Lokacin da sojojin Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita gabas da jama'a mai yawa har aka kashe shi a Burmi, amma ilimin bai tafi da faɗuwar birnin ba, saboda ba a gida ɗaya aka ajiye shi ba.

Dabarar magwafin nan ita ce ainihin abin da mai ƙaurar da cibiyar bayanai yake yi watanni kafin ranar tafiya. Yakan fara da ƙidaya, ya rubuta kowace na'ura da lambarta da shekarunta da manhajar da ke kanta da sunan sashen da ke amfani da ita, ya liƙa alama a bakin kowace waya ta gefe biyu, ya ɗauki hoton bayan kowace kanta. Daga nan sai aikin da ya fi wuya, wato gano wace manhaja ce ke dogaro da wace, domin manhajar biyan albashi tana iya neman izinin shiga daga wata tsohuwar kwamfuta da ke kusurwar ɗaki, wadda wanda ya girka ta ya bar aiki tuntuni, kuma babu wanda zai san amfaninta sai ranar da aka kashe ta. Manhajojin da ke yawan magana da juna dole su ƙaura tare, saboda haske a cikin wayar fayiba, wato zaren gilashin da ke ɗaukar saƙo, yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 ne a daƙiƙa, saƙon da ya je Legas ya dawo Sakkwato zai ci aƙalla kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa. Jinkirin ba komai ba ne ga mutum, amma manhajar da ke yin tambaya dubu kafin ta buga rasit ɗaya za ta koma tafiyar hawainiya. A ra'ayin mai wannan rubutu, kamfanin da ya kasa fitar da wannan taswira bai shirya ƙaura ba, ko da ya riga ya biya kuɗin gini da na mota.

Wanda ya shiga birnin a watan Afrilu ba ya bukatar a gaya masa matsala ta farko. A bazara zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, alhali iskar da ake so ta shiga na'urorin ana son ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27, kuma kowace na'ura tana mayar da kusan duk wutar da ta sha zuwa zafi, wanda dole a fitar da shi waje dare da rana. Idan na'urorin sanyaya ɗaki suka tsaya a irin wannan lokaci, mintoci kaɗan ne tsakanin ɗakin da matsala. Hunturu kuma da nasa: ƙurar da ke saukowa daga Sahara tana toshe matatun iska, bushewar iska tana sa jikin ma'aikaci ya tara tartsatsin da zai iya ƙona allon na'ura da taɓawa ɗaya, hazo kuma yakan hana jirage sauka a filin jirgin Sultan Abubakar na Uku, wanda ke nufin injiniyan da aka kira daga Legas ko kayan gyaran da aka yi oda suna iya makalewa a ranar da aka fi bukatarsu. Idan aka cire bazara da tsakiyar damina da tsananin hunturu, lokacin da ya rage wa mai hankali shi ne kaka, daga ɗaukewar ruwa zuwa kafin hazo ya yi kauri.

Wutar birnin daga nesa take zuwa. Babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 yana tasowa daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, daga nan ƙaramin layi mai kilobolt 132 ya kawo ta Sakkwato, kamfanin rarraba wuta na Kaduna kuma ya raba ta ga unguwanni, kuma gobarar da ta tashi a tashar Birnin Kebbi a watan Satumban 2023 ta jefa yankin cikin duhu, ta nuna illar dogaro da reshe ɗaya. Cibiyar Uptime ta Amurka ta kasa cibiyoyin bayanai mataki huɗu, kuma sharaɗin mataki na uku shi ne a iya gyara ko sauya kowane ɓangare na wuta da sanyi ba tare da an kashe na'urori ba. A Sakkwato wannan na nufin janareta fiye da ɗaya, da tankin dizal na kwanaki, da batura masu karɓar aiki a ƙiftawar ido kafin janareta ya tashi, kuma dizal ɗin ma ta hanyar da aka baro ake kawo shi. Matafiyin da ya leƙa Kalambaina, inda masana'antar siminti ta fara aiki tun shekarun 1960 kuma yanzu take hannun BUA, zai ga cewa babbar masana'anta a wannan yanki da wutar kanta take dogaro. Abin da birnin yake da shi a wadace shi ne rana, kuma faifan sola na rage kuɗin mai da yini, sai dai ƙura na rage masa ƙarfi idan ba a wanke shi, dare kuma sai baturi.

Batun wayar fayiba gajere ne amma ba a yi masa ragi. Cibiya tana bukatar layi biyu daga kamfanoni biyu, ɗaya ta hanyar Gusau da Funtuwa, ɗaya ta hanyar Jega da Kwantagora, kuma a tabbatar da ido cewa ba a rami ɗaya aka binne su ba, domin katafilar mai gyaran titi ba ta tambayar sunan kamfani. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, kuma mai tsara ƙaura ya kamata ya sa irin wannan a lissafinsa.

Daga tsakiyar gari, matafiyi na iya bin titin Sultan Abubakar ya ga tsohon mazaunin jami'ar da aka kafa a 1975, wadda ta fara karatu a 1977 aka kuma sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, sannan ya ƙetare fadamar Rima zuwa mazauninta na dindindin a yankin Dundaye. Jami'ar ba ta tashi a rana ɗaya ba, sashe-sashe ta ƙaura, har yau kuma tana amfani da wuraren biyu, kuma haka ake so ƙaurar cibiyar bayanai ta kasance: a fara da manhajojin da tsayawarsu ba za ta cutar da kowa ba, a koyi darasi a kansu, a bar masu nauyi zuwa ƙarshe. Hanyar jami'ar tana da wani darasin kuma, domin ambaliyar watan Satumban 2010 ta yanke ta, ta raba makarantar da gari. Ginin da ke kan tudu bai tsira ba idan hanyar da ma'aikata da tankar mai za su bi ta ratsa fadama, kuma irin wannan tun ran gini tun ran zane ake duba shi.

A Babbar Kasuwa, wadda gobara ta cinye wani babban sashe nata a watan Janairun 2021, da kasuwar Kara, inda ake cinikin dabbobi da albasa da fatu, ake ganin waɗanda ƙaurar ke shafa ba tare da an yi shawara da su ba. Dillali ya sayar da sa, mai saye ya tura kuɗi ta waya, an cire a asusunsa amma ba su shiga ba, sai ka ji ana cewa babu sabis, a jira alat, ciniki kuma ya tsaya har la'asar. A watan Oktoban 2024 wasu manyan bankunan Najeriya sun sauya manhajar da ke riƙe da asusun masu ajiya, kuma mutane sun yi kwanaki suna fama da turawar da ta maƙale. A Birtaniya, bankin TSB ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari a watan Afrilun 2018, kusan mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, hukumomi kuma suka ci shi tarar sama da fam miliyan 48 a 2022. Saboda haka daren sauyawa, wato lokacin da ake rufe tsohuwar cibiya a buɗe sabuwa, ana rubuta shi mataki-mataki da sunan mai kowane aiki da mintocin da zai ɗauka, a yi gwajinsa tun kafin ranar, a hana kowane sauyi a manhajoji na wasu makonni, a kuma sanar da jama'a da harshen da suke ji, wanda a nan Hausa ce, ta rediyo da saƙon waya. Dole kuma a sa wa'adi, a ce idan ƙarfe kaza ya yi abu kaza bai tashi ba za a koma tsohon wuri, a kuma ba mutum ɗaya ikon yanke wannan hukunci, domin da asuba, bayan an kwana ana aiki, kowa yakan ga kamar saura ƙiris. Kalandar birnin ma tana da hukunci a kan ranar: ba a sauyawa a ƙarshen wata lokacin albashi, ko a goman ƙarshe na azumi, ko a makon da ake cinikin ragunan layya, ko lokacin biyan kuɗin aikin Hajji.

Zango na ƙarshe da ya dace da wannan tafiya shi ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, wadda ke ɗauke da sunan malamin da ya rasu a 1997 bayan ya shafe rayuwarsa yana tara rubuce-rubucen daular da Shehu ya kafa, inda ake ajiye littattafan hannu da wasiƙun sarakuna da fayilolin mulki. Sakkwato ta kasance hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, aka cire Neja a 1976, Kebbi a 1991, Zamfara a 1996, kuma kowace rabuwa ta zo da rabon ma'aikata da fayiloli. Tsohon ma'aikacin da aka nemi fayil ɗinsa aka rasa lokacin fansho ya san abin da ɓatan takarda a ƙaura yake jawowa. Haka ma a ƙaurar bayanai, aikin bai ƙare da tashin sabuwar cibiya ba, domin fayafan da aka bari a tsohon wuri suna ɗauke da sirrin mutane, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakinsu, don haka sai an goge su ta hanyar da ba a iya dawo da komai, ko a farfasa su a gaban shaidu, kafin su faɗa hannun 'yan gwangwan. Akwai kuma batun mutane, wanda masu kasafi suka fi mantawa da shi: na'urar da aka kawo daga Legas tana bukatar wanda zai tashi mata da tsakar dare a Sakkwato, kuma horar da matasan da jami'ar da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ke yayewa ya fi araha da ɗorewa a kan jiran jirgin da hazo zai iya hanawa sauka.

Hukuncin da tafiyar ke kai mai lura gare shi shi ne cewa a halin da ake ciki, kamfanin da ya kwashe cibiyarsa ɗungurungum ya kai ta Sakkwato, ba tare da tushen wuta biyu da hanyar fayiba biyu da ya gani da idonsa ba, ya yi kasada da amanar mutane. Abin da ya dace da birnin yanzu shi ne ƙaramar cibiya mai sola da batura, wadda ke riƙe da abin da ake bukata kusa, tare da cikakken kwafi a Kano ko Abuja ko Legas da ake gwadawa a kai a kai. Masu shimfiɗa sabuwar babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, wadda aka ƙaddamar da aikinta a Illela a watan Oktoban 2024, su bar wa wayar fayiba bututu a gefenta tun yanzu, kafin a gama zuba kankare.